Ido Ba Mudu Ba Ne: Abin Da Na Koya Wajen Koya Wa Masu Gyaran Ƙashin Baya Bincike

Wata ranar Alhamis da yamma ina harhaɗa takarduna zan bar ofis, sai wata ɗaliba ta ƙwanƙwasa ƙofa ta shigo rungume da kwamfutarta, idanunta sun yi ja. Ta shafe watanni tana gudanar da gwaji a kan masu ciwon wuya domin kundin digirinta na biyu. Ta raba su gida biyu: kashi ɗaya ana yi musu gyaran ƙashi da hannu haɗe da motsa jiki, ɗaya kashin kuwa motsa jikin kaɗai. Da ta gama lissafi sai ta tarar kowane ɓangare ya samu sauƙi, kuma babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakaninsu. Ta zauna ta ce, "Malam, akwai mutum uku a ɓangaren gyara da ba su riƙa zuwa a kan lokaci ba, kuma su ne ba su ji sauƙi ba. Idan na cire su lissafin zai fito da kyau. Ai ba ƙarya na yi ba, ko?"

Zan dawo kan amsar da na ba ta. Amma bari mai karatu ya san inda muke tukuna. Ni malami ne mai koyar da dabarun bincike da ƙididdiga ga ɗaliban kiwon lafiya, kuma na yi hutun nazari na shekara guda a Afirka ta Kudu. A ƙasar akwai jami'o'i biyu, ɗaya a Durban ɗaya a Johannesburg, da suke horar da masu sana'ar da ake kira kairofiraktik, sunan da aka harhaɗa daga Girkanci da ma'anar yin aiki da hannu. Sana'a ce ta duba ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, a kuma yi musu magani ta hanyar danna gadon baya ko murɗa shi da wata irin fizga mai sauri, wadda sau da yawa takan zo da ƙarar ƙwas. A can ɗalibi ba ya samun rajistar yin aiki sai ya kammala digiri na biyu, digirin kuwa ba ya kammala sai da kundin bincike. A ɗaya daga cikin jami'o'in nan aka roƙe ni in taimaka wajen koyarwa da duba kundaye.

Na tafi da niyyar koyar da lissafi. Na dawo da ra'ayin da nake son karewa a wannan shafi: babban amfanin koya wa mai warkarwa bincike shi ne a koya masa zargin hannunsa. Kundi hanya ce kawai ta isa ga wannan. Wanda bai koyi wannan zargi a makaranta ba, majinyatansa ba za su koya masa ba, domin waɗanda suka warke ne ke dawowa da godiya.

Sana'ar da ta tsiro daga labarin mutum ɗaya

A shekarar 1895, a garin Davenport da ke Jihar Ayowa ta Amurka, wani mai magani mai suna Daniel David Palmer ya ce ya danna gadon bayan Harvey Lillard, mai kula da ginin da ofishinsa yake, sai jin da mutumin ya rasa shekara 17 ya dawo. Daga wannan majinyaci ɗaya Palmer ya gina aƙida sukutum: wai kashi 95 cikin 100 na cututtuka suna faruwa ne saboda gocewar gaɓoɓin ƙashin baya, wadda ke matse jijiyoyi. A 1897 ya buɗe makaranta, a 1906 aka ɗaure shi bisa laifin yin magani ba lasisi. Ɗansa, B.J. Palmer, shi ya yaɗa sana'ar ta bunƙasa.

Likitocin asibiti ba su karɓe ta da fara'a ba. A 1963 ƙungiyar likitocin Amurka ta kafa kwamiti na musamman domin daƙile ta, ta kuma hana 'ya'yanta hulɗa da masu gyaran baya. Duk da haka jihohi suka ci gaba da ba su lasisi, har Louisiana ta zama ta ƙarshe a 1974. A 1976 Chester Wilk da wasu abokan sana'arsa suka kai ƙungiyar ƙara, a 1987 kuwa kotun tarayya ta same ta da laifin haɗa baki domin karya abokan gasa. Ɗalibaina sun san wannan shari'a kamar sunansu, suna kuma alfahari da ita. Abin da mafi yawansu ba su lura da shi ba, kotun ta yi hukunci ne a kan dokar kasuwanci. Ba ta yanke cewa gyaran baya yana warkar da wata cuta ba. Wannan tambaya ba ta alƙali ba ce.

Darasi na biyu ya zo daga Ingila. A 2008 marubucin kimiyya Simon Singh ya rubuta a jaridar Guardian cewa babu hujja ga iƙirarin da ƙungiyar masu gyaran baya ta Birtaniya ke yi na magance wasu cututtukan yara, irin su asma da ciwon kunne da yawan kukan jarirai. Maimakon ta fara da fito da hujja, sai ƙungiyar ta maka shi a kotu bisa zargin ɓata suna. A 2010, bayan kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa, ta janye ƙarar. Kafin nan jama'a sun riga sun shigar da koke a kan ɗaruruwan masu sana'ar saboda tallace-tallacensu, har hukumar da ke kula da su ta fito ta ce babu binciken asibiti da ya tabbatar da cewa gocewar nan ta Palmer tana haddasa cuta. Garin neman ƙiba aka samo rama. Sana'ar da ba ta auna kanta ba, wata rana wasu za su auna ta a bainar jama'a.

Faɗuwa ta zo daidai da zama

A makon farko wani ɗalibi ya tashi ya ce mini, cikin ladabi, "Malam, mu fa muna gani da idonmu. Mutum ya shigo a duƙe, ya fita a miƙe. Wane bincike ya wuce wannan?" Ban raina tambayar ba, domin Hausawa ma sun ce gani ya kori ji. Sai dai kuma sun ce ido ba mudu ba ne. Ya san ƙima, gaskiya ne, amma ba a sayar da hatsi da ƙima.

Abubuwa aƙalla huɗu ne ke iya sa mai ciwon baya ya ji sauƙi bayan an taɓa shi, ko da taɓawar ba ta yi komai ba. Na farko, yawancin sabon ciwon baya yana lafawa da kansa cikin 'yan makonni, a yi magani ko kada a yi. Na biyu, ciwon da ya daɗe yana hawa yana sauka ne, kuma mutum ba ya neman magani sai ranar da ya yi tsanani. Daga ƙololuwa kuwa sai gangara, don haka duk abin da aka yi masa a ranar shi zai kwashe yabon. Na uku, tsammanin samun sauƙi da kulawar mai magani da ɗumin hannunsa suna rage raɗaɗi da gaske. Na huɗu, kunya: majinyacin da ka ɓata rabin sa'a a kansa, kana tsaye kana murmushi, da wuya ya dube ka ya ce bai ji komai ba. A kan waɗannan a ƙara wanda na ambata a baya, wato wanda bai warke ba yakan sulale ya nemi wani wurin, ba ka sake jin labarinsa.

Domin kada ɗaliban su ɗauka sana'arsu nake yi wa tsiya, nakan kawo musu misali daga likitocin fiɗa. An daɗe ana yi wa masu ciwon gwiwa na zaizayar ƙashi wata ƙaramar tiyata ta wanke cikin gaɓa, likitoci da majinyata duk suna yabawa. A 2002 aka wallafa gwajin da aka yi a birnin Houston a kan mutum 180: wasu an yi musu aikin sosai, wasu kuwa an tsaga fata kawai an ɗinke ba su sani ba. Bayan shekara biyu ana bibiyarsu, waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi na bogin samun sauƙi ba. Haka nan shekara da shekaru likitoci suna umartar mai ciwon baya ya kwanta, har wani gwaji a ƙasar Finland a 1995 ya nuna wanda ya ci gaba da harkokinsa gwargwadon iko ya fi saurin murmurewa. Ashe cutar yarda da ido ba ta bar kowa ba.

Kuskurena, da abin da ya gyara shi

Na fara darussana yadda na saba: allo cike da alƙaluma da ƙa'idojin lissafi. Ɗaliban suka haddace, suka ci gwajin aji, amma da na leƙa asibitin koyarwa na saurari yadda suke magana da majinyata, sai na ga babu abin da ya ratsa su. A wurinsu bincike wani shinge ne da za a tsallake a karɓi takarda. Laifina ne, domin na koyar da amsa kafin su ji zafin tambaya. Sai na ajiye allo na bi su ɗakin gwaji.

Abu na farko da muka yi mai sauƙi ne. Ɗalibi ɗaya ya kwanta rufda ciki, wani ya shigo ya lalubi gadon bayansa ya rubuta a ɓoye gaɓar da yake jin ta sandare, ya fita, wani ya shigo ya yi haka nan, ba tare da sun yi magana da juna ba. Da muka baje takardun a kan tebur sai ɗakin ya yi tsit. Kowa ya shiga da tabbacin abin da yatsunsa suka ji, amma amsoshin sun saɓa fiye da yadda suka zata. Daga nan na ba su abin da masu bincike suka tattara a kan wannan batu, wanda ya nuna haka: masu lalube ba su cika dacewa da juna a kan gaɓar da ta sandare ba, amma sun fi dacewa a kan wurin da ke yi wa majinyaci zafi idan an danna. A ranar suka roƙe ni da kansu in koya musu lissafin da ake auna dacewar masu dubawa da shi, lissafin da a da suke hamma idan na ambace shi.

Abu na biyu shi ne karanta takardu biyu gefe da gefe. A 1999 wani gwaji a Denmak ya nuna jarirai masu yawan kuka sun rage kukan bayan gyaran baya. Sai dai iyayen sun san abin da aka yi wa 'ya'yansu, kuma su ne ke rubuta sa'o'in kukan. A 2001 masu bincike a birnin Bergen na Norwe suka sake gwajin da dabara ɗaya: ma'aikaciyar jinya ce ke karɓar jariri ta shige da shi, ko dai a yi masa gyaran ko kuma ta riƙe shi kawai na minti goma, sannan ta mayar wa iyayen ba su san wanne aka yi ba. Cikin jarirai 86 da suka kammala, kimanin kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka gyara sun samu sauƙi, waɗanda aka riƙe kawai kuwa kashi 60, tazarar da ba ta wuce abin da sa'a kan iya haifarwa ba. Ban yi musu sharhi ba. Na tambaye su ne kawai: mai gyaran da bai san da kashi na biyu ba, wanda ya ga jarirai bakwai cikin goma sun yi shiru, me zai faɗa wa uwa ta gaba?

Abu na uku shi ne ƙuri'a. Ɗalibai da yawa suna ganin rashin tausayi ne a bar wa ƙuri'a zaɓen maganin da za a yi wa mutum. Sai na sa su raba sunayen majinyata na ƙirƙira gida biyu bisa son ransu, muka duba, sai ga matasa da masu sabon ciwo sun taru a ɓangaren gyara, tsofaffi da masu tsohon ciwo a ɗaya ɓangaren. Babu wanda ya yi niyyar maguɗi. Zuciya ce ke karkata zuwa inda take so, ita kuwa ƙuri'a ba ta da ɗan ɗaki.

Abu na huɗu shi ne yadda ake tsara tambaya. "Shin gyaran baya yana aiki?" ba tambayar bincike ba ce, hira ce. Dole a faɗi su waye majinyatan, wane irin gyara, sau nawa, idan aka kwatanta shi da me, da wane ma'auni za a auna sauƙin, kuma bayan wane tsawon lokaci. Sannan a rubuta duk wannan a ajiye kafin a taɓa mutum na farko, domin kada a harba kibiya sannan a je a zana da'ira a inda ta faɗi.

Na biyar shi ne amana, kuma a nan ne na kawo musu labari daga gida. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. An shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi amincewar iyaye yadda ya kamata. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Na gaya musu yadda wannan tabo ya ƙara wa jama'a shakku a lokacin taƙaddamar rigakafin shan inna ta 2003. Takardar amincewa da kwamitin ɗa'ar bincike, waɗanda ɗalibi ke gani a matsayin ɓata lokaci, su ne ke tsaye tsakanin mai bincike da irin wannan ɓarna. Kuma idan majinyaci Bazule ne da ba ya jin Turanci sosai, sai an yi masa bayani da harshensa kafin sa hannunsa ya zama amincewa.

Abin da mudu ya auna

Mai karatu zai so ya san me bincike ya gano game da sana'ar kanta. Ta samu rabonta, ta kuma rasa abin da ba nata ba. A 2019 mujallar likitanci ta BMJ ta wallafa bitar gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 9,211 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Jagoran aikin, Sidney Rubinstein, shi kansa mai gyaran baya ne a Holan. Sakamakon shi ne gyaran yana kawo sauƙi daidai da sauran hanyoyin da ake ba da shawarar bi, irin su motsa jiki. Bai fi su ba, bai kuma gaza su ba. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin hanyoyin da za a iya amfani da su, haɗe da wasu, ga irin wannan ciwo. Wannan ba ƙaramin fage ba ne, domin hukumar ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020, ana kuma hasashen su kai miliyan 843 a 2050.

A ɗaya ɓangaren, a 1998 wani gwaji a Kanada a kan yara 91 masu asma ya kwatanta gyara na gaske da na kwaikwayo, bai ga bambanci ba, kuma masu gyaran baya na cikin waɗanda suka gudanar da shi. A 2019 masu bincike 50 daga ƙasashe takwas suka taru a Toronto suka bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi a kan asma da hawan jini da ciwon mara na al'ada da kukan jarirai, suka ce babu hujjar cewa gyaran baya yana magance su. Hatta ƙarar nan ta ƙwas an bi ta: a 2015 wasu masu bincike a Jami'ar Alberta suka ɗauki hoton gaɓar yatsa da na'ura yayin da ake jan ta, suka ga wani kogon iska ne ke samuwa cikin ruwan gaɓar. Ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba.

Akwai kuma batun haɗari. An samu rahotannin mutanen da suka yi shanyewar ɓarin jiki bayan an murɗa musu wuya, sakamakon tsagewar jijiyar jini. Wani babban bincike a lardin Ontario da aka wallafa a 2008 ya duba mutum 818 da suka samu irin wannan shanyewa, ya ga cewa masu ƙasa da shekara 45 sun fi yawan ziyartar mai gyaran baya gab da faruwarta, amma haka nan sun fi yawan ziyartar likitan asibiti. Fassarar masu binciken ita ce, tsagewar jijiyar ce ke fara kawo ciwon wuya da kai, shi ke sa mutum neman magani. Wasu masana ba su gamsu cewa wannan ya wanke murɗa wuya ɗungurungum ba, kuma a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa sanar da majinyaci kafin a taɓa wuyansa. Nakan ba ɗalibai wannan taƙaddama yadda take, ba na warware musu ita, domin zama da tambayar da ba ta gama samun amsa ba yana cikin abin da ake koya.

A nahiyarmu akwai ƙarin dalili. Tarin fuka yana kama ƙashin baya ya rarake shi, kuma yakan fara ne da ciwon baya kamar kowanne. Mai gyaran da ya ɗauki kowane ciwo a matsayin gocewa zai iya danna ƙashin da ya riga ya ruɓe. Wanda aka koya wa tambayar "me kuma zai iya zama?" shi zai tsaya ya tambayi zazzaɓi da rama da gumin dare, ya tura mutum asibiti.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani dattijo a sana'ar ya ce mini lokacin da ake kashewa a kan kundi gara a ƙara shi ga horar da hannu, tunda ɗaya cikin ɗari ne zai zama mai bincike. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Kundin ɗalibi yawanci ƙarami ne, majinyata 'yan gomomi, ba ya iya yanke hukunci a kan komai, kuma da yawa suna ƙarewa a kan kanta suna shan ƙura. Da ni ne mai tsarawa, da na haɗa ɗalibai da dama a kan babban aiki guda maimakon kowa ya kama nasa. Amma ban yarda a sauke nauyin ba. Sauran casa'in da taran ne za su zauna gaban majinyata shekara talatin, masu sayar da na'urori da masu shirya tarukan horo suna kawo musu takardu masu ɗauke da kalmar "bincike ya tabbatar". Wanda ya taɓa tattara bayanai da hannunsa, ya ga yadda mutum uku ke juya sakamako, ba a saurin yi masa wayo. David Sackett da abokansa sun bayyana a 1996 cewa magani bisa hujja haɗa abu uku ne: mafi ingancin bincike, da ƙwarewar mai magani, da abin da majinyaci yake so. Babu wanda ya ce a yar da hannu.

Inda aka bi wannan hanya an ga amfaninta. A Jami'ar Kudancin Denmak da ke Odense, ɗaliban gyaran baya suna yin yawancin darussan digiri na farko tare da ɗaliban likitanci, kuma sana'ar tana da asusun da ke ɗaukar nauyin bincike. Daga can ne Farfesa Jan Hartvigsen ya fito, wanda ya jagoranci takarda ta farko a jerin da mujallar Lancet ta wallafa a 2018 a kan ciwon baya. A Zurich ta Suwizalan kuwa, tun 2008 ake koyar da sana'ar a cikin tsangayar likitanci. Girman da ba su samu ta hanyar kotu ba, sun same shi ta hanyar yarda a auna su.

Amsar da na ba ta

Na ce wa ɗalibata ta buɗe takardar da ta rubuta kafin fara gwajin ta karanta mini. Babu inda ta ce za ta cire wanda ya yi fashi. Na tambaye ta ko ta san dalilin fashin nasu. Ta yi shiru, sannan ta ce ɗaya daga cikinsu ya taɓa faɗa mata wuyansa yakan ƙara ciwo kwana biyu bayan kowane gyara. Na ce to, ga shi ta amsa wa kanta: mai yiwuwa rashin jin daɗin maganin ne ya hana su zuwa, cire su kuwa cire shaidar da ba ta yi mana daɗi ba ce. Ƙa'ida ita ce duk wanda ƙuri'a ta jefa wani ɓangare, a nan za a lissafa shi har ƙarshe. Na kuma ce mata kada ta zarce ta rubuta cewa gyara ba ya aiki, domin gwajinta ya yi ƙanƙanta da wannan magana. Ta rubuta abin da ta gani da iyakar abin da zai iya nunawa.

Haka ta yi, ta kuma ci. Amma abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne makonni bayan haka a asibitin koyarwa. Wata uwa da ake yi wa maganin baya ta tambaye ta ko za ta kawo ɗanta mai asma a gyara shi. Na ji ta ce, "Mama, an gwada, bai taimaka ba. Ki ci gaba da ba shi maganin shaƙarsa, ki kuma mayar da shi wurin likitansa. Bayanki kuwa za mu yi iyakar ƙoƙarinmu." Wannan amsa ita ce digirin.

Da na dawo gida na dubi namu. Masu ɗori suna da hannu da gado da amincewar jama'a, kuma mutane da yawa sun tashi da ƙafarsu ta dalilinsu. Haka nan likitocin ƙashi a asibitocin koyarwa sun sha wallafa rahotannin hannaye da ƙafafun da aka yanke saboda ɗaurin da ya matse jini. Kowane ɓangare yana ƙirga abin da ya iso ƙofarsa ne kaɗai. Ɗalibanmu na gashin ƙashi da jinya da likitanci, waɗanda ya kamata su tsara ƙirga ta adalci, da yawansu suna ɗaukar kundi a matsayin wahalar shekarar ƙarshe, wasu ma saye suke yi. Mu malamai muna da kaso a wannan laifi, domin muna koyar da bincike a kan allo, nesa da gadon majinyaci, kamar yadda na fara yi a can.

Kirana ga abokan aikina shi ne mu sauko da darasin bincike cikin ɗakin jinya tun daga shekarun farko, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuma daina nuna wa ɗalibi cewa sakamakon da bai fito yadda aka so ba faɗuwa ce. Kai kuma mai karatu, duk ranar da wani mai magani, na asibiti ne ko na gargajiya ko na ƙetare, ya ce maka ya warkar da mutane da yawa, ka tambaye shi cikin ladabi: waɗanda ba su warke ba fa, su nawa ne, kuma wa ya ƙirga su?